Hali Zanen Dutse Ne? Ƙudurin Sabuwar Shekara da Tunanin Yau da Gobe a Unguwar Dawaki, Gombe

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dalilin da ya sa ƙudurin da mutane ke ɗauka a farkon shekara yake mutuwa da wuri. Ta auna ra'in Carol Dweck, wanda ya ce yadda mutum ya ɗauki halinsa da basirarsa, ko abin da ke ƙaruwa ko abin da aka riga aka yanke masa, yana da hannu a cikin juriyarsa. An kafa hujja da binciken masana halayyar ɗan Adam a Amurka da Turai, da kuma abin da mai maƙalar ya gani da idonsa a unguwar Dawaki cikin garin Gombe. Matsayar maƙalar ita ce, ranar tuntuɓen farko ce ke yanke wa ƙuduri hukunci, kuma tsangaya da adashe sun daɗe da yin tanadi domin wannan rana.

Gabatarwa



A Dawaki, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Gombe, shekara takan sabunta sau uku. Ma'aikaci da ɗan makaranta suna lissafi da Janairu, haka ma 'yan'uwanmu Kiristoci da ke raya daren 31 ga Disamba a coci. Liman yana lissafi da Muharram, watan cika-ciki. Sai kuma watan azumi, wanda ba a kiransa sabuwar shekara amma a cikinsa aka fi ɗaukar alwashi. Mai shan taba ya ce daga bana ya daina, mai jinkirin sallah ya ce ba zai sake barin sahun farko ba, uwargida ta ce sai ta sauke Alƙur'ani.

Duk wanda ke zuwa masallaci ya san abin da ke biyo baya. A goman ƙarshe na azumi sai an shimfiɗa tabarmi a waje da Asuba, takalma har bakin kwata. Kafin Shawwal ya raba, sahu biyu ne, wani lokaci na biyun ma bai cika ba. Mutanen nan ba ƙaura suka yi ba, suna cikin gidajensu, kuma da yawansu da gaske suke lokacin da suka yi alwashin.

Son fara sabon abu a sabuwar rana ba namu ne mu kaɗai ba. A 2014 Hengchen Dai da Katherine Milkman da Jason Riis, daga Jami'ar Pennsylvania, sun nuna cewa zuwa wurin motsa jiki da neman bayanin rage ƙiba a Google suna ƙaruwa a farkon mako, farkon wata da farkon shekara. Irin waɗannan ranaku suna ba mutum damar ya ce wancan na jiya ne ya gaza, na yau daban ne. Amma wannan kuzari na farawa ne kawai. Tambayar maƙalar nan ita ce: me ke riƙe mutum bayan ɗokin ya wuce?

Abin da alƙaluma suka nuna

Binciken da aka fi ambata a wannan fage shi ne na John Norcross da Dominic Vangarelli na Jami'ar Scranton a Amurka, waɗanda suka bi diddigin mutum 200 masu ƙudurin sabuwar shekara har shekara biyu, a ƙarshen shekarun 1980. Bayan mako ɗaya kashi 77 cikin ɗari suna kan bakansu. Bayan shekara biyu kashi 19 suka rage. Yawancin masu kawo wannan bincike a nan suke tsayawa, su ce ƙuduri aikin banza ne. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina yana gaba. A cikin waɗanda suka yi nasarar, kashi 53 sun zame aƙalla sau ɗaya, kuma matsakaicin yawan zamewar a shekara biyun ya kai 14. Wato wanda ya kai ga gaci ma ya faɗi, ya sake faɗuwa, ya tashi. Bambancinsa da wanda ya watsar yana ga abin da ya yi washegarin faɗuwar.

A 2002 Norcross da abokan aikinsa sun kwatanta masu ƙuduri da waɗanda ke son canji amma ba su ƙudurta ba. Bayan wata shida kashi 46 na rukunin farko suna ci gaba, kashi 4 kacal na rukuni na biyu suka canja. Ashe ɗaura niyya kanta tana da nata amfani.

Zanen dutse da yau da gobe

Carol Dweck, farfesa ce a Jami'ar Stanford, ta tattara binciken da ta yi shekaru tana yi a littafinta Mindset na 2006. Ta raba tunanin mutane game da basira da hali gida biyu. Wasu sun ɗauka abu ne da aka auna musu tun ran gini, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Wasu sun ɗauka yana ƙaruwa da aiki, da dabara, da taimakon wanda ya fi sani. A wannan maƙala zan kira na farko tunanin zanen dutse, na biyu tunanin yau da gobe. Ban je nesa neman sunayen ba, domin Bahaushe ya riga ya faɗi duka biyun. Shi ya ce hali zanen dutse, mai hali ba ya fasa halinsa, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi ne kuma ya ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya, gemu ba ya hana ilimi, sannu ba ta hana zuwa. Karin maganganun duka namu ne. Abin lura shi ne wanne ke fara zuwa bakin mutum ranar da ya kasa.

Gwajin da ya fi fito da ra'in fili shi ne wanda Dweck ta yi da Claudia Mueller a 1998 a kan yara 'yan aji biyar na firamare. An ba su tambayoyi masu sauƙi suka ci. Aka yabi wasu da cewa suna da ƙwaƙwalwa, aka yabi wasu da cewa sun yi aiki tuƙuru. Daga nan aka ba kowa tambayoyi masu wuya. Waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa suka fi saurin karaya, suka fi zaɓen aiki mai sauƙi, kusan kashi 40 cikinsu ma suka ƙara wa kansu maki lokacin da aka ce su faɗa wa wasu yara sakamakonsu. Dalilin a bayyane yake. Wanda ya ɗauka nasara shaidar baiwa ce, dole ya ɗauki faɗuwa shaidar rashinta, don haka sai ya guje ta ko ya ɓoye ta.

An gwada wannan a kan manya ma. A 2012 Jeni Burnette da Eli Finkel sun bi masu ƙoƙarin rage ƙiba, suka gano cewa waɗanda aka riƙa aika wa saƙon cewa nauyin jiki abu ne mai canjawa ba su koma gidan jiya ba bayan sun yi babban tuntuɓe a tsarin abincinsu, saɓanin sauran. Masu binciken shaye-shaye, irin su Alan Marlatt, sun daɗe da bayyana yadda kara ɗaya na taba ke zama kwali guda: mutum ya ce tun da na riga na karya, ai shi ke nan.

Malamanmu na zaure ba za su ji wannan a matsayin sabon labari ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi a cikin Ihya'u Ulumid Din yana raddi ga masu cewa ɗabi'a ba ta canjawa. Hujjarsa ita ce, da haka ne, da wa'azi da nasiha da tarbiyya duk sun zama wasa. Ya kawo misalin shaho da kare da doki, waɗanda ake horarwa har su bar halinsu na asali. Mu da sunan unguwarmu ke tuna mana doki, mun san wanda ake hawa ranar Sallah da kwalliya a gaban Sarki ba haka aka haife shi ba. Sai da ya yi tutsu, ya ƙi linzami, ya kayar da mahayi. Gazali kuma bai wuce gona da iri ba. Ya ce ƙwallon dabino yana iya zama bishiyar dabino idan an kula da shi, amma ba zai taɓa zama tuffa ba. Wannan iyaka tana da muhimmanci, zan dawo kanta.

Asusun tela

Akwai wani matashi tela a unguwarmu da nake kai wa ɗinki, yana aiki a kan keken maigidansa. A wata Janairu ya sa kafinta ya ƙera masa asusun katako, ya ce kullum zai jefa naira 500 har ya sayi keken kansa. Na ga asusun a ƙarƙashin teburin yanka, ya rufe shi da ƙyalle. Ya yi makonni bai tsallake rana ba. Sai 'yarsa ta kwanta zazzaɓi, ya sa guduma ya fasa, ya biya magani. Da na koma karɓar kaya na ga katakon a yashe a bakin ƙofa, ƙusoshin a waje. Na ce, "Ƙanena, yaushe za a gyara?" Bai ɗago daga keken ba ya ce, "Malam, bar shi kawai. Ni dama kuɗi ba sa zama a hannuna. Haka Allah ya yi ni."

Ina roƙon masu karatu su duba wannan magana da kyau. Abin da ya faru shi ne uba ya tara kuɗi, kuɗin suka yi masa rana. Wannan shi ne amfanin tari. Amma fassarar da ya yi wa lamarin ita ce shi mutum ne da ba ya iya tari, ya kuma jingina hukuncin ga Allah don kada a sake tayar da maganar. Zazzaɓin yarinya ya fasa asusu, fassarar ce ta hana a gyara shi. Sau da yawa muna kiran wannan tawakkali, alhali hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya nuna an umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara.

Daga baya matarsa ta sa shi cikin adashen da take yi, zubin mako-mako. A nan ya dore. Halinsa bai canja dare ɗaya ba, tsarin ne ya canja. A adashe akwai ranar zubi, akwai uwar adashe da za ta aiko yaro, akwai kunyar idon mutane. Mafi muhimmanci, wanda ya kasa zubi wannan mako ba a cewa ya fita. Ana cewa ya haɗa da na mako mai zuwa. An gina tsarin ne da sanin cewa wata rana hannu zai gaza.

Allo

Wuri na biyu da nake ganin tunanin yau da gobe a aikace shi ne makarantar allo. Almajiri ya rubuta, malam ya biya masa, ya tisa har ya riƙe, ya wanke allon, ya sha ko ya zubar a wuri mai tsarki, ya sake rubutu. Idan ya kawo hadda ta kakare, alaramma yakan ce, "Bai zauna ba, koma ka tisa." A lura da lafazin. Karatun ne bai zauna ba, kuma akwai "tukuna" a ɓoye cikin maganar. Daga kolo zuwa titibiri, zuwa gardi, zuwa alaramma, zuwa gwani, ba wanda ya hau matakin nan ba tare da ya manta abin da ya haddace sau ba adadi ba. Shi ya sa tilawa ta zama wajibin mahaddaci har ya mutu. Hadisi ingantacce ya kwatanta saurin kuɓucewar hadda da na raƙumi daga dabaibayinsa. Tsarin da ya san haka ba ya mamakin mantuwa, ya ajiye mata lokaci a jadawalinsa, na asuba da na dare. Izu 60 ba a haɗiye su. Ana bin su ne sumuni-sumuni.

Ba ina cewa tsangaya ba ta da aibu ba. Bulala tana nan, kalmar "daƙiƙi" tana nan, kuma ita ma makarantar boko ba ta tsira daga "kwanyarsa ba ta ja" ba. A gida ma haka. Yaro ya ce zai gyara, babban yaya ya ce, "Za mu gani, tuban muzuru." Wanda ya ji wannan daga bakin na gida, ranar da ya zame ya riga ya san sunan da zai kira kansa. Abin da nake cewa shi ne, a cikin tsarin akwai darasi wanda ba mu fito da shi daga zaure zuwa sauran rayuwa ba. Mutumin da ya yarda cewa hadda sai da tishi, shi ne kuma zai ce barin taba ko riƙe sallar Asuba dole ya yiwu a karo ɗaya, in ba haka ba shi ba mutumin kirki ba ne.

Iyakar ra'in

Wajibi ne a faɗi gaskiya: tasirin tunanin yau da gobe, idan aka auna shi shi kaɗai, ƙarami ne. A 2018 Victoria Sisk da abokan aikinta sun tattara binciken da aka yi a kan ɗalibai suka ga cewa koyar da wannan tunani yana ɗaga sakamako kaɗan ne ƙwarai, sai dai ya fi amfanar 'ya'yan talakawa da waɗanda ke gab da faɗuwa. A 2019 David Yeager da tawagarsa suka buga babban gwaji a mujallar Nature, a kan ɗalibai kimanin 12,000 a makarantun gwamnati 65 na Amurka. Darasin ƙasa da awa ɗaya ta intanet ya ɗan ɗaga makin ɗalibai masu rauni, kuma ya fi aiki a makarantun da abokan karatu ba sa yi wa mai ƙoƙari dariya. Wannan ya yi daidai da labarin adashe: tunani iri ne, jama'ar da ke kewaye da mutum ita ce ƙasar shuka. Dweck da kanta ta yi gargaɗi a 2015 cewa an mayar da ra'inta "ka dai ƙara ƙoƙari", alhali ƙoƙari ba tare da sauya dabara ba wahala ce kawai.

Akwai kuma abin da ba tunani ne ke kawo shi ba. Wanda ya ƙudurta tari a Janairun 2023 ya faɗa cikin ƙarancin takardun naira bayan sauya fasalin kuɗi. A ranar 29 ga Mayu na shekarar aka cire tallafin man fetur. Zuwa Disamba 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Magidancin da ya je Tudun Hatsi ya tarar kuɗin buhu sun koma na rabin buhu, zalunci ne a ce masa tunaninsa ne bai gyaru ba. Wanda kuma maye ya kama, ko na kodin da aka haramta a 2018 ko na ƙwaya, yana buƙatar likita tare da niyya. Wannan ita ce iyakar da Gazali ya nuna. Amfanin ra'in ga irin waɗannan mutane shi ne ya hana su ɗora wa halinsu laifin da na zamani ne, don su iya rage ƙudurin daidai ƙarfinsu maimakon su jefar da shi. Wanda ba ya iya tara naira 500 yana iya 100.

Yadda za a ɗaura ƙudurin

Idan an yarda da abin da ya gabata, to yadda ake furta ƙuduri ma sai ya canja. A Suwidin, Martin Oscarsson da abokan aikinsa sun bi mutum 1,066 shekara guda, suka buga sakamakon a 2020. Masu ƙudurin aikata wani abu sun yi nasara da kusan kashi 59, masu ƙudurin barin wani abu kashi 47. "Zan daina zaman majalisa har tsakar dare" ya fi wuyar riƙewa a kan "bayan Isha'i zan shiga gida in duba littattafan yara." Peter Gollwitzer kuma ya nuna tun 1999 cewa niyyar da aka ɗaura wa lokaci da wuri ta fi cika. A nan muna da gata. Ranarmu ta riga ta kasu da salloli biyar, kowacce turke ce da za a iya ɗaure sabon aiki a jikinta: shafi biyu bayan Asuba, zagaye ɗaya na tafiya bayan La'asar idan sanyin hunturun Janairu ya hana fitar safe, zubin asusu kafin a rufe shago da Magariba. Hadisin Nana A'isha da Buhari da Muslim suka ruwaito ya fifita aikin da aka dawwama a kai ko da kaɗan ne, kuma ma'aunin ke nan da ya kamata a yanka ƙuduri da shi.

Sai batun tsawon lokaci. Phillippa Lally da tawagarta a Landan sun bi mutum 96 masu koyon sabuwar al'ada, suka buga a 2010. Tsaka-tsakin lokacin da aiki ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254. Tsallake rana ɗaya kuma bai rushe ginin ba. Azumi kwana 29 ne ko 30, bai kai rabin wannan tafiya ba. Daga ƙaramar Sallah zuwa babba kuwa kwana 70 ne ko kusa da haka. A wannan tsakani ne al'adar azumi ke kafuwa ko ta zube, kuma a nan ne tafsiri ke tsayawa, lasifika ta yi shiru, kowa ya koma harkarsa. Muna zuba duk ƙarfin wa'azinmu a lokacin da mutane ba su cika buƙatar turi ba, mu janye a lokacin da suka fi buƙata.

Don haka ina kira ga sassan ilimi da na nazarin halayya a Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere su ɗauki unguwa ɗaya, ko Dawaki ko Bolari ko Jekadafari, su rubuta alwashin mutane a goman ƙarshe na azumi, su bi su har babbar Sallah, su rubuta da Hausa da Fulfulde ainihin kalmomin da mutum ke faɗa ranar da ya fara zamewa. Ina roƙon malaman makaranta da iyaye su cire "daƙiƙi" da "tuban muzuru" daga bakinsu, su ari "bai zauna ba tukuna" daga alaramma. Ina kuma roƙon limamanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, su ware huɗubar Juma'a ta uku a Shawwal domin mutumin da ya riga ya karya alwashinsa, su gaya masa ƙofar sahu a buɗe take, ya dawo gobe da Asuba.